Alwashi Da Wuyan Wani

"Raliya! Ke Raliya! Kisra ce ke ƙuna ko hancina ne ke yi min ƙarya?"

Raliya ta yi firgigit ta ɗaga kisrar, wato siririyar wainar dawa, daga kasko, amma ina, ta riga ta zama gawayi. Ba komai ne ya ɗauke mata hankali ba sai wata murya da ke wucewa ta bayan danga, muryar Abdussalami ɗan Malam Maliki, yana tafiya gonar auduga yana tilawa ƙasa-ƙasa kamar yadda ya saba.

Mahaifiyarta, Iya Yalwa, ta riƙe haɓa. "Allah shi kyauta! Duk sahiyar Allah sai mun yi wa wuta sadakar kisra sabadda ɗan Malam. In karatu kike so, ga allo can rataye."

"Kai Iya! Hayaƙi ne ya shiga min ido."

"Hayaƙi mai ƙahwa biyu, har da hula! Ni za ki gaya wa? Kahin a haihe ki ni ma na ƙona tuwo."

Baba Gambo yana zaune kan gadon igiya yana kurɓar gahawa. Ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba ta mutu a bakinsa. Ya san yaron, yana kuma son sa. Abin da ke tsaye tsakanin yaron da 'yarsa ne ya fi ƙarfinsa.

Hillar Baure ƙauyen Hausawa ne a cikin Jazira, tsallaken kogi daga Rufa'a. Iyaye da kakannin kowa a nan da niyya ɗaya suka baro ƙasar Hausa: su taka da ƙafa har Makka. Guzuri ya ƙare, suka tsaya tsintar auduga don su ƙara, daga nan shekara ta haifi shekara. A lokacin nan Turawa ba su daɗe da tattara komatsansu suka bar Sudan ba, mutanen ƙauyen kuwa sun kasu gida biyu. Akwai irin su Baba Gambo, waɗanda suka karɓi hawasha, wato gonar haya ta hukumar auduga, suka gina ɗakin ƙasa, suka ce Makka sai ran da Allah ya kira. Akwai kuma irin su Malam Maliki, masu ganin gina soro ko dasa itace warware niyya ne. Bukkar kara yake kwana, ba ya karɓar gona, sai dai shi da ɗansa su yi ƙwadago a gonar wasu. Ka ce masa, "Malam, ya gida?" sai ya gyara maka zance: "Gida shina gaba, nan zango ne."

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. A kan hanyarsu ta zuwa, zazzaɓi ya kwashe wa Malam 'ya'ya uku a jere. Da matarsa Huseina ta haifi Abdussalami, sai Malam ya ɗaga jaririn sama ya yi alwashi: in Allah ya raya wannan, na Ɗakin Allah ne, ba za a ɗaura masa aure ba sai ya tsaya a Arfa. Yaro ya rayu. Huseina ce ba ta daɗe ba, aka binne ta a maƙabartar da ke bayan tur'a, babbar magudanar da ke shayar da gonaki. Tun daga nan kowace shekara Malam sai ya ce bana za a tafi, kowace shekara kuma sai wani dalili ya fito.

Wata rana da la'asar Raliya ta je ɗiban ruwa a tur'a, ta tarar da Abdussalami yana wanke taɓon ƙafarsa. Ta sauke tulu, ba ta ko gaishe shi ba.

"Abdu, bana ma ba ku tahiya?"

"Baba ya ce shehinsa bai ba da izini ba tukuna."

"Bara ciwon ƙahwa, bara waccan jirgi ya cika, bana izini. Ya salam! To ni sai yaushe? Sa'o'ina duka sun yi goyo, wasu sun yaye!"

Ya sunkuyar da kai. "Raliya, wallahi in na sa goshi ƙasa Ɗakin Allah nike so in gani, sai in ga huskarki. In yi istigfari in koma, ke dai ce. Ban san wa nike yi wa laihi ba, ke ko Ubangijina."

"Au, yanzu ni ce shaiɗaniyarka?"

"Subhanallahi! Ba haka na ce ba—"

"Ai ba kai ka yi alwashin nan ba! Kana cikin tsumma anka yi shi!"

"Amma ni na rayu, yayyena ukku sunka mutu. Kullum na tashi da rai sai in ji kamar ba nawa ba ne."

Ta ɗauki tulunta rabin ruwa ta juya, tana tafe tana share ido da gefen mayafi. Ta so ta ji haushinsa, ta kasa, don ta san ba ƙarya yake yi ba. Yana son ta, yana son Makka, kuma an rene shi a kan cewa zuciya ɗaya ba ta ɗaukar biyu.

Baba Gambo ya ga 'yarsa tana ramewa, sai ya ajiye kunya ya ɗauki limamin ƙauye suka tafi bukkar Malam. Liman ya yi bayani a tsanake: uba ba ya alwashi da wuyan ɗa, in kuma zuciyarsa ba ta natsu ba, ya ciyar da miskinai, shi ke nan. Aure ma ibada ne. A ɗaura, in tafiya ta tashi su tafi da matarsa.

Malam Maliki ya saurara har ƙarshe yana jan tasbaha. Sannan ya ce, "Liman, ni ma da mata na taso. Ga ni nan, ina na kai? Mace dabaibayi ce ga matahiyi. Yau amre, gobe goyo, jibi a ce a gina ɗaki, gata a dasa lemu tsakar gida kamar wasu da na sani. Na yi magana da Allah, ba ni zuwa in ce mai wasa nike."

Baba Gambo mai lemu a tsakar gida ya haɗiye maganar, ya ɗauki takalmansa.

A makon nan ne Abdussalami ya sare ƙafarsa da fartanya, ya tafi ɗan asibitin da ke ƙauyen gaba. Mai ɗaurin ciwo a wurin wani Banube ne Kirista, sunansa Butrus, mutum mai surutu da son jin kwakwaf. Yana wanke ciwon yana kallon fuskar saurayin.

"Ya zol, kai saurayi, wannan ramar ba ta fartanya ba ce. Yarinya ce?"

Abdussalami ya daɗe da neman wanda zai amayar wa abin da ke cikinsa, ga shi kuma wannan ba ɗan ƙauyensu ba ne. Ya kwashe duka ya gaya masa.

Butrus ya girgiza kai. "Mu ma muna da irin wannan rigimar. A wajenmu akwai masu barin aure ɗungum don bautar Allah, littafinmu ya yaba musu. Ka buɗe gaba kaɗan kuma ka tarar an yabi wanda ya riƙe matarsa da amana. Kowa abin da ke ransa yake tsinta a ciki. Akwai ma labarin wata da ta roƙi ɗa, ta ce in ta samu na Allah ne, ta kuwa cika. Tun ina yaro ake karanta mana, ana yabon uwar." Ya ɗaure bandeji ya ja. "Ni dai ban taɓa jin an tambayi yaron ba."

Abdussalami ya dawo gida yana ɗingishi, maganar tana yi masa yawo a kai. Ya isa ƙofar bukka da niyyar ya buɗe baki, ya tarar da tsohon ya idar da salla yana yi masa addu'a da suna, hawaye na bin gemunsa. Sai ya haɗiye, ya ɗauki buta ya yi alwala.

Iya Yalwa kuwa ba ta iya haɗiya ba, ba a halicce ta da wannan maƙogwaron ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, dattawa suna zaune a inuwar bukkar Malam, sai ga ta ta yafa mayafi ta tsaya a gabansu. Baba Gambo ya yi mata ido, ta yi kamar ba ta gani ba.

"Gahwara dai, Malam. An ce ka ce mace dabaibayi ce. Gaskiya ka hwaɗi, don kai ne shaida! Ba shehi ya hana ka tahiya ba, ba ƙahwa ba, ba jirgi ba. Huseina ce!"

"Yalwa!" in ji Baba Gambo.

"Bar ni, Malam Gambo! Wa bai gan shi ba duk Alhamis tsugunne bakin kushewarta, shina gyara ƙaya, shina magana da ƙasa? Ba ka iya tahiya ka bar ta ita kaɗai, shi ke nan! Ni ban ga laihinka ba, aminiyata ce, ta isa a so ta haka. Amma kai ka rungumi matacciya, ka hana ɗanka mai rai! Wanga wane irin adalci ne?"

Tasbahar Malam ta tsaya cak a hannunsa, fuskarsa ta yi fari kamar toka. Iya ta gyara tsayuwa, tana jiran ya ce to, a kawo goro.

Da ya yi magana, muryarsa a sanyaye ta fito. "Kin gama, Yalwa? Allah shi saka miki. Ashe shekarun ga duka mace na hihita bisa Ubangijina, ina zaune ina yi wa mutane wa'azi. Innalillahi." Ya juya. "Abdussalami! Da an gama tsintar auduga mun tahi. Ko shehi ya ba da izini, ko bai ba da ba."

"A'a, Malam! Ba haka nike nuhi ba! Cewa na yi ka ƙyale yaran—"

Ya riga ya shige bukka. Iya Yalwa ta tsaya baki buɗe. Ta zo ta kwance ƙulli ne, sai ta ƙara ja masa wuya, garin neman gira aka rasa ido.

Malam bai sake taka maƙabarta ba, ko sallama bai je ya yi ba. Ran tafiya, lorin da zai kai su Madani su hau jirgin ƙasa ya tsaya a bakin hanya, ƙauye ya fito rakiya. Abdussalami ya sami Raliya a bayan taro.

"Hajji ɗaya ne, Raliya. In Allah ya so, kahin auduga ta sake hwashewa na dawo."

"Allah shi kai ku lahiya," ta ce, idonta a ƙasa. "Ka yi min addu'a can, in dai ba zan ɓata maka sujada ba."

Ya buɗe baki, direba ya danna ham. Da lori ya zo daidai maƙabarta, waɗanda ke ciki sun ce tsohon ya juya fuskarsa ɗaya gefen, ya cusa bakin rawaninsa a baki ya cije.

Auduga ta fashe, aka tsince, ba su dawo ba. Labari sai a bakin alhazai masu komowa, shi ma guntu-guntu. Aka ce a Sawakin, suna jiran jirgin ruwa, ɓarin jikin Malam ya shanye. Ba a ɗaukar marar lafiya irinsa, ɗa kuma ba ya tsallake uba a kwance ya wuce. Aka ce an ga Abdussalami yana ga-ruwa a Bur Sudan, ya dawo ya wanke tsoho, ya ba shi kunu a baki. Aka ce harshen Malam ya karye, kalma biyu kawai ke fita daidai, sunan Allah da sunan Huseina. Haka suka yi shekaru. Da ya cika aka binne shi a bakin teku, bai ga Makka ba, bai kuma kwanta kusa da matarsa ba. Duk wanda ya ji labarin nan a Hillar Baure sai da jikinsa ya yi sanyi.

Daga nan aka ce Abdussalami ya bi wani jirgin katako ya tsallaka ba takarda. Sai labari ya yanke gaba ɗaya.

Manema sun zo, har da wani mai kanti daga Rufa'a. Baba Gambo ya kira 'yarsa ya tambaye ta, ta ce tana jira. Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ni ba ni ɗaure ɗiya kamar akuya. Allah shi ba ki yadda kike so." A bakin tur'a kuwa 'yan matan da ta goya da hannunta suka laƙaba mata suna, Amaryar Arfa. Tana ji, ta cika tulunta ta wuce. Ba dutse ba ce, akwai ranakun da ta shiga cikin dawa ta yi kuka har muryarta ta dushe, akwai ranakun da ta ce da ma ba ta taɓa sanin sa ba. Sallarta ma sai da ta yi mata nauyi, don ta kan ji kamar da Allah take takara a kan mutum ɗaya, kuma wa ya isa? Sai ta yi istigfari, gari ya waye ta ɗauki fartanya ta bi mahaifinta hawasha.

Wadda abin ya fi ci ita ce Iya Yalwa. Matar da ake jin muryarta tun daga bakin hanya ta koma shiru, ba tsiya, ba barkwanci. Da ciwon ajali ya kwantar da ita, ta kama hannun Raliya.

"Ɗiyata, bakina ya cuce ki. Da na yi kurum da yanzu ko huskarsa kina gani."

"Don ni kika yi, Iya. Na yahe, duniya da lahira."

"Na so in ɗauki ɗanki, in yi mai tsiya..." Ba ta ƙarasa ba, kuma ba ta ga ɗan ba.

An yi tsintar auduga wajen sau goma bayan tafiyarsu. Idon Baba Gambo ya yi rauni, hawasha ta dawo hannun Raliya. Wata hantsi tana buɗe wa kunya ruwa, sai ta ga wani mutum siriri yana biyo gaɓar magudana da ƙunshi a kafaɗa, furfura ta fara cin gemunsa. Ya tsaya nesa kaɗan ya yi sallama. Fartanya ta faɗi daga hannunta. Abdussalami ne.

Ya ce rashin takarda ne ya riƙe shi a Makka, yana ɓuya yana dako, sai bana aka kama shi da ire-irensa aka zuba su a jirgi. Ya ce tun daga Madani yake tsoron tambayar kowa labarinta.

"Na tsaya Arfa, Raliya."

"Ka ga abin da kake nema?" Ita kanta ba ta san ko murna take ko fushi ba.

"Na gani. Na ɗaga hannu na ce, ya Allah, in wagga yarinya shamaki ce tsakanina da kai, ka cire min ita daga rai. Na roƙa har rana ta hwaɗi. Bai cire ba. Nan na gane ashe shi ya sa ki ciki tun farko."

Ta durƙushe cikin taɓo ta fashe da kuka. "Sai da ka je har Arfa? Liman bai hwaɗa muku haka ba a ƙofar bukka, Iya tana da rai?"

Ya tsuguna can gefe shi ma yana kuka.

Aka ɗaura aure ba kiɗa ba guɗa, don mai yin guɗar tana ƙasa. Haihuwa ta yi musu nawa, sai daga baya Allah ya ba su ɗa namiji guda, suka mayar masa da sunan Malam. Damina ta biyu da haihuwarsa zazzaɓi ya kama shi. Aka yi allura, aka yi jiƙo, jiki sai ƙara zafi yake. Da azahar idon yaron ya kakkafe. Abdussalami ya sure shi daga cinyar uwar, ya ɗaga shi sama.

"Ya Allah! In ka bar min wanga yaro, na yi alwashi shi—"

Raliya ta yi tsalle ta toshe masa baki da tafin hannunta.

"Kul, Alhaji! Kul! In azumi ne, kai ka yi. In sadaka ce, ga dawa cikin rumbu. In tahiya ce, ga ƙahwarka. Amma ɗana, kada ka ɗora mai kayan da bai san nauyinsu ba! Roƙi Allah kyauta, ai ba ciniki ya ce mu yi da shi ba!"

Ya dube ta, ya dubi yaron da ke hannunsa a sama, sai ya ga abin da yake shirin yi. Ya mayar mata da ɗanta, ya kifa goshi a ƙasa yana cewa, "Ya Allah, naka ne, ka ji ƙanmu," bai ƙara ko kalma a kai ba. Kafin la'asar gumi ya karyo wa yaron, ya buɗe ido ya nemi nono.

Haƙurin Raliya ya biya ta, ta sami mijinta, ta sami ɗanta. Amma bai dawo mata da Iya ba, bai dawo mata da ƙuruciyarta ba, bai kuma ɗauko Malam Maliki daga bakin teku ya kawo shi kusa da Huseina ba. Son halal bai taɓa zama kishiyar ibada ba, mutane ne ke haɗa su faɗa, su kuma bar wa 'ya'yansu jinyar raunin. Wanda duk zai yi wa Allah alkawari, ya shafa wuyan tukuna, ya tabbata nasa ne.